Shirin, Nasrin ko Yasmin: Wanne Zai Zauna a Bakin Gidanku?

Kwana biyu da haihuwar matar ƙanena, ina zaune a tsakar gida ina lissafin goro da alewar da za a raba ranar suna, sai ga shi ya zo ya tsuguna kusa da ni ya miƙo waya. "Yaya, duba min waɗannan, ke ce mai karance-karance." Sunaye huɗu ne a jere: Shirin, Nasrin, Yasmin, Parwin.

Sunan yanka ba a ma tsaya shawararsa ba. Tun ciki na wata biyar aka san in mace ce sunan Hajiyarmu za ta ci, kuma tuni ya yi mata huɗuba da shi. Abin da ya rage shi ne wanda kowane gidan Bahaushe ya sani: daga shi har mai jegon babu mai iya buɗe baki ya ƙwala wa yarinya kira da sunan Hajiya gatsau, alhali Hajiyar na zaune kan tabarma tana ji. Dole a nemo na alkunya. A da abin ba wuya, Ummi ce ko Mama ko Walida, shi ke nan. Yanzu kuwa danginmu kaɗai Ummi uku ne, in ka kira ɗaya sai dukansu su waiwayo. Kuma kada a raina sunan alkunyar nan. Shi zai bi ta makaranta, shi ƙawaye za su sani, shi miji zai kira. Na yankan sai ranar ɗaurin aure ake tuno shi.

Ya ce shafin da ya kwaso su ya rubuta wai duk na Larabci ne. Na ce ko ɗaya babu na Larabci, duka huɗun daga Farisanci suke, harshen mutanen Iran, Larabawa aro suka yi kamar yadda mu ma muke shirin yi. Nan take jikinsa ya yi sanyi, ya ce to ya halatta kuwa?

Abin da malamai suke dubawa a suna ma'anarsa ce, ba ƙasar da ya fito ba. Annabi (SAW) ya canza sunan Barra ya mayar da shi Zainab, ga shi kuwa Barra Larabci ne tsantsa, illarsa kawai yabon kai da ke cikinsa. A gefe guda akwai sahabi Fairuz ad-Dailami, mutumin Yaman mai asalin Farisa, wanda ya rayu ya mutu da sunansa na Farisanci. Mu kanmu mun daɗe da irin wannan a gida ba mu sani ba. Firdausi, wadda babu unguwar da ba ta, masana harshe suna mayar da asalin kalmar zuwa tsohon harshen Iran, inda take nufin lambu mai katanga. Larabawa sun are ta tun zamanin da, ta zama tasu. Saboda haka maganar halasci ba ita ce matsalar waɗannan huɗun ba. Matsalar ita ce yadda kowanne zai zauna in ya shigo gidan da ake Hausa daga safe har dare.

Na fara da Shirin, don shi ƙanena ya fi so, kuma gaskiya shi ya fi sauran tarihi nesa ba kusa ba.

Ma'anarsa "mai zaƙi". Tushen kalmar shi ne shir, wato madara, sai aka liƙa mata ɗafin -in, kamar yadda suke cewa zar zinariya, zarrin abin da yake na zinariya. Shirin ke nan abin da ya yi ɗanɗanon madara. Har yau a Iran kayan zaƙin da ake kai wa mutane in an je ziyara sunansu shirini. Akwai wani abin dariya a nan. A bakin mutanen Iran na yanzu, shir ɗin nan yana kuma nufin zaki, na dawa, shi ya sa za ka ga wani ya fassara sunan da zakanya. Kuskure ne, kalmomi biyu ne da suka zo suka yi kama. Mu ma ai tsakanin zaƙi da zaki ƙugiya ɗaya ce a kan harafi.

Matar da ta ɗaukaka sunan ta taɓa rayuwa da gaske. Ita ce matar da Sarki Khusrau na biyu, wanda ake wa laƙabi da Parwiz, ya fi ƙauna. Ya mulki daular Farisa daga 590 zuwa 628, ita kuma Kirista ce, ta riƙe addininta a fadar da ake bin addinin Majusawa. Har yanzu akwai gari a lardin Kermanshah, dab da iyakar Iraƙi, mai suna Ƙasri Shirin, wato fadar Shirin. Mawaƙin Farisa Firdausi, wanda ya kammala Shahnama, doguwar waƙar tarihin sarakunan Farisa, a 1010, ya kawo labarinta. Amma wanda ya mayar da ita tauraruwa shi ne Nizami, mutumin Ganja da ke ƙasar Azarbaijan ta yanzu, a doguwar waƙar da ya tsara wajejen 1180. Shi ne dai ya zo daga baya ya tsara labarin Laila da Majnun a Farisanci.

A wajen Nizami, Shirin gimbiyar Armeniya ce da ta kamu da son Khusrau tun daga ganin zanen hotonsa. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne taurin kanta. Sarki guda, mai dukiya da runduna, ya yi ta nemanta ta ɓarauniyar hanya, ta ce atafau sai dai aure a idon duniya, ya zo har ƙofar fadarta ta bar shi a waje ta yi masa magana daga saman soro. Tsakanin nan ne Farhad ya shigo, masassaƙin dutse. Tana son madara, makiyaya kuma suna nesa da fadarta, sai ya sassaƙa mata magudana a cikin dutse madarar na gangarowa har gida. Ka ga yadda mawaƙin ya yi wasa da tushen sunan. Farhad ya haukace a kanta, sarki ya ji kishi, ya tura shi ya fasa hanya a dutsen Bisutun bisa alkawarin in ya gama zai bar masa ita. Da aka ga yana neman gamawa, sai aka aika masa da ƙaryar cewa Shirin ta mutu, ya faɗi a wurin bai tashi ba. Daga ƙarshe ta auri sarkin, ɗansa ya sa aka kashe shi, ita kuma ta kashe kanta a kan gawarsa don kada ɗan ya aure ta.

Da na kai nan mai jego ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Anti, wannan ai ba labarin da za a ba yarinya ba ne in ta tambayi asalin sunanta." Tana da gaskiyarta. Akwai kuma ƙari: Khusraun nan shi ne Kisran da ya yaga wasiƙar Annabi (SAW), wadda Abdullahi ɗan Huzafa ya kai. Ni a ganina mace ba ta ɗaukar laifin miji, suna kuma ba ya ɗaukar laifin kowa, amma in akwai kawu mai littattafai a danginku, ku san zai tayar da maganar a wajen raɗin suna. A zamaninmu sunan ya samu mata masu nauyi. Shirin Ebadi, lauya 'yar Iran, ita ce mace Musulma ta farko da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya, a 2003. Shirin Abu Aƙila kuwa, wakiliyar Al Jazeera da aka harbe a Jenin ranar 11 ga Mayun 2022, duk mai bin labarin Falasɗinu ya san fuskarta.

Duk wannan ba shi ya sa na hana ƙanena ba. Cewa na yi ya tashi ya tsaya a bakin zaure ya ƙwala kira, "Shirin!" Bai ma tashi ba, wani ɗan yayarmu mai shekara tara da ke gefe yana cin gyaɗa ya ce, "Shirin me, Kawu?"

Magana ta ƙare. A Tehran sunan zuma ne, a Kano rabin jimla ne. Shirin aure, shirin tafiya, shirin rediyo, shirin banza. Farisawa suna jan wasulan biyu, Shiiriin, amma a rubuce babu bambanci, kuma 'yan aji uku na firamare ba sa jan wasali don su kyauta wa kowa. Duk ranar da malami ya ce "ku yi shirin tashi" sai aji ya juyo ya kalle ta. Wanda yake zaune a Masar ko Dubai ko Landan, inda yarinya za ta tashi cikin waɗanda ba sa jin Hausa, ya sa abinsa, sunan yana da kyau ƙwarai. Wanda 'yarsa za ta yi wasan 'yar gala-gala a lungun Fagge ko Zangon Damagaram, ya sake tunani.

Nasrin ba shi da sarki ba shi da masassaƙi. Fure ne kawai, wardin daji, wanda ke fitowa da kansa a gefen duwatsu da shingaye ba tare da an shuka shi ba. Bai da cikar wardin lambu mai ganye rututu, irin wanda mutanen Kashan ke tatsar ruwan wardi daga gare shi. Ganyen furensa biyar ne rak, fari ko mai ɗan jaja-jaja, jikinsa da ƙaya, ƙamshinsa kuma ba mai hawa kai ba. Larabawa da suka ara sai suka ce Nisrin, shi ya sa za ka ji 'yan Sham da Sudan da wasalin i a farko, 'yan Iran da Pakistan da Indiya kuma da a.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne ɗaukar Nasrin a matsayin ƙanwar Nasiru, wato daga nasara. Ba su haɗa komai ba. Duk wanda ya yi allo zai gane in an rubuta: nasara da sadi ake rubuta ta, Nasrin kuwa da sin. In malamar Islamiyya ta rubuta mata shi da sadi a bangon littafi, a gyara mata cikin ladabi. Sai dai ni ban ɗauki wannan ruɗanin a matsayin aibi ba, riba ce ma. Tsohuwar da ba ta taɓa jin labarin wardin daji ba, kunnenta zai kai ta ga nasara, ta ce Allah ya sa mai nasara ce. Sunan da in an fahimce shi fure ne, in an kuskure shi nasara ce, ai bai bar wa mai tsokana ƙofa ba.

A waƙoƙin Farisa nasrin abokin tafiyar wardi ne, tare ake ambatonsu in ana kwatanta fuskar masoyiya. Akwai wata waƙar Hafiz, mawaƙin Shiraz da ya rasu wajejen 1390, da ta buɗe da cewa wanda ya ba fuskarki launin wardi da nasrin, shi ke da ikon ba ni haƙuri, ni miskini. Baiti biyu a gaba sai ga Farhad da Shirin sun shigo, domin nasrin da miskin da shirin duk amsa-amonsu ɗaya. Sunaye biyun da ƙanena ke ta auna wa, ashe shekara ɗari shida da wani abu ke nan suna zaune a waƙa guda. Cikin matan zamani akwai Nasrin Sotude, lauyar Iran mai kare haƙƙin mata da yara, wadda Majalisar Tarayyar Turai ta ba kyautar Sakharov ta masu kare haƙƙin ɗan Adam a 2012 tana tsare a kurkuku.

Rauninsa ɗaya ne, kuma ƙarami: s da r da suka haɗu a tsakiya. Harshen Bahaushe, musamman na manya, yana son ya sa wasali a irin wannan wuri. Za a ce Nasirin, wani ma ya zarce ya ce Nasira. In kai mai jin haushin a lanƙwasa sunan 'yarka ne, ka shirya gyara har ka gaji.

Yasmin kuwa ba baƙo ba ne, ya riga ya zama ɗan gida. A Farisanci furen sunansa yas ko yasaman ko yasamin, kuma 'yan Iran ɗin kansu sun fi sa wa 'ya'yansu Yasaman. Farin fure ne ƙanƙane mai hawa bango, ƙamshinsa ya fi tashi da dare. Shi ya sa a ƙauyen Shubra Balula na Masar, wanda ya yi suna wajen nomansa don masu haɗa turare, cikin dare ake tsinkarsa da fitila a goshi, kafin rana ta fito ta kwashe ƙamshin. Dimashƙa ana mata kirari da birnin yasmin, Pakistan ta ɗauke shi furen ƙasa, juyin juya halin Tunisiya na 2011 ma da sunansa aka yi masa laƙabi. Kalmar ta bi ta Larabci ta shiga harsunan Turai, don haka shi kaɗai ne cikin huɗun da za a kira daidai a Makka, a Paris, a Legas da Maraɗi ba tare da an ce "sake faɗa" ba.

Shi ma yana da nasa ruɗanin. Na sha jin ana cewa daga Yasin aka samo shi, har wata ta ce min saboda albarkar surar ta sa wa 'yarta. Niyyarta mai kyau ce, amma babu dangantaka. Ainihin matsalar Yasmin ita ce wadda ta kore mu daga Ummi tun farko: ya yi yawa. Je ki bakin wata makarantar kuɗi lokacin tashi ki kira shi ki ga kawuna nawa za su juyo. In abin da kake nema kwanciyar hankali ne, sunan da kaka za ta iya, malami zai iya, jami'in filin jirgi zai iya, ka tsaya a nan, ba za ka yi da-na-sani ba. In kuwa don 'yarka ta fita daban ka buɗe waya, to Yasmin ya mayar da kai inda ka baro.

Parwin ban daɗe a kansa ba, ko da yake ma'anarsa ta fi ta kowa tsayi. Sunan tarin taurarin nan ne da muke kira kaza da 'ya'yanta. Babbar mawaƙiyar Iran Parwin I'itisami, wadda aka haifa a Tabriz a 1907, ta fitar da kundin waƙoƙinta a 1935, ta rasu a 1941 tana da shekara 34, da shi duniya ta san ta. To amma harafin farkon ba namu ba ne, na tsakiyar ma yadda 'yan Iran ke furta shi ba mu da shi. Kafin a yi arba'in ta zama Farwin ko Farbin, sunan da babu shi a kowane harshe. Abin da na gaya wa ƙanena shi ne, taurarin nan dai su ne Larabawa ke kira Surayya, sunan da muke da shi tun kakanni. 'Yan Iran ma suna sa shi, matar Sarki Muhammad Riza ta biyu Surayya ce. Kuma in alaƙa da Farisa ake so, babu wadda ta kai wannan: a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ɗora hannu a kan Salmanul Farisi ya ce da imani zai kasance a Surayya, da wasu mazaje daga mutanen wannan sun kai gare shi. Mai son Parwin ya sa Surayya ya huta.

Tunda ana cikin jerin, na ja masa kunne kan wasu biyu da na hango a ƙasan shafin. Parisa yana nufin mai kama da pari, pari kuwa a tatsuniyoyinsu wata kyakkyawar halitta ce mai fukafukai, abin da mu dai aljana za mu ce. A can yabo ne, a nan kuwa ka gwada gaya wa kaka cewa sunan jikarta "mai kama da aljana". Anahita kuma sunan abar bautar ruwa ce a tsohon addinin Iran, wannan kam ko malami ba sai an tambaya ba.

Sauran magana ta takarda ce. Kowanne cikin sunayen nan yana da rubutu uku ko huɗu: Nasrin, Nasreen, Nisrin, a Nijar kuma Nasrine da Yasmine, Shirin ma ya koma Chirine saboda rubutun Faransanci. In za ku sa na alkunyar a takardar haihuwa a matsayin suna na tsakiya, ku zaɓi rubutu ɗaya tun ranar farko, ku rubuta shi a bangon wani littafi, ku bi shi a rajistar makaranta da katin ɗan ƙasa da fasfo. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin takardar firamare da lambar NIN ya isa ya sa uba zaryar rantsuwa a kotu shekara goma sha shida masu zuwa, lokacin da yarinya ke neman cike JAMB. Ni na fi son rubutun da ya bi yadda muke karanta boko, Nasrin da Yasmin, ba mai ee biyu ba, don wanda ya koyi karatu da Hausa "Nasreen" zai ce da e mai tsawo.

Ya tambaye ni in ni ce wanne zan ɗauka. Na ce Nasrin. Shirin ya fi shi labari, Yasmin ya fi shi sauƙi, amma shi ne bai yi yawa ba, bai kuma ba yaran unguwa abin waƙa ba. Mai jego ta so Yasmin, suka yi kwana uku suna ja, ban sa baki ba.

Ranar suna da hantsi, an gama fiɗar rago ana ta suya a bayan gida, aka kawo jaririyar aka ɗora wa Hajiya a cinya. Ta buɗe zanen ta daɗe tana kallon takwararta, sannan ta ce, "To, ku da ba ku iya faɗin sunana, me za ku riƙa ce mata?"

Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Nasrin, Hajiya."

"Wa?"

"Nasrin."

"To, Allah ya raya Nasirin."

Yau watanta bakwai. Uwarta ce kaɗai ta rage tana gyara wa mutane.